Kalilu Mai Sa Wa Gero Hula

"Na hwaɗa maka, Malam, gwangwanayen nan ba su shiga ɗakina."

"To ina zan kai su, uwar Ma'u? In juye a gulbi?"

"Juye ma kaji. Ko ka kai ma mai su, shi da ya kwashi takardarshi ya tahi Turai ya bar ka da tarkace."

"Ba nashi ba ne. Hatsin mutane ne."

"Uwata hwa? Ita ba mutum ba ce?"

Baba Kalilu ya sunkuya ya ci gaba da jera gwangwanayen madara cikin akwatin katako, yana shafa murfin kowanne da babban yatsa. Inna Salmatu, matarsa ta shekara talatin, ta ɗauki ƙullin kayanta ta fita. Ranar Asabar ce da hantsi, cikin watan Mayun bana, 1978, a ɗakin ma'aikata da ke bayan ofishin duba tsirrai na bakin iyakar Jibiya. Saura kwana biyar ya ajiye aiki su koma ƙauyensu Riko. Ni akawu ne a ofishin, bango ɗaya ya raba mu, shi ya sa na ji. Na nemi izininsu kafin in rubuta. Ita ta ce in rubuta, har da sunan uwarta. Shi bai hana ba.

Gwangwani talatin da shida ne. A cikin kowanne akwai irin gero kamar tafin hannu biyu, an cuɗa da toka don ƙwari. Kowane gwangwani da irinsa daban. Abin da ake rigima a kai ke nan.

Duk wanda ya saba ratsa iyakar nan ya san tsohon, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, siriri, cikin kakin da ya koɗe har ya koma launin ƙasa. Shekara ashirin da bakwai yana lebura a ofishin nan. In ya sallame asuba sai ya share gaban ofis, ya cika randa, tun kwastan ba su ɗaga sandar hanya ba. Daga nan sai hawan manyan motoci, kamiyo kamar yadda mutanen can ƙetare ke cewa. Ya soka hannu cikin buhun wake ko na gyaɗa, ya damƙo, ya duba ko da ƙwaro ko cuta. Direbobi na zaginsa don yana ɓata musu lokaci. Ba ya ramawa. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Amma ka miƙa masa ganye, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka sunansa, da irin ƙasar da yake fitowa, da abin da ke samun akuya in ta ci.

Saboda wannan ne 'yan jami'a suka gano shi. Ɗalibai huɗu masu neman digiri na biyu a ilmin tsirrai suka biyo ta hannunsa cikin shekara goma. Wani a kan ciyayi yake bincike, wani a kan ƙuduji, wannan muguwar ciyawa mai shanye hatsi tun daga saiwa. Kalilu ke ɗaukar musu katakon danne ganye a ka. Shi ke canza tsofaffin jaridun da ake shimfiɗa tsiro a ciki, kullum, don kada ya yi fumfuna. In za su tsallaka Nijar, shi ke magana da 'yan duwan, wato kwastan ɗin can.

"Yaron nan mi yake nema a ƙasarmu?" in ji wani jandarma wata rana.

"Ciyawa yake karantawa, ranka ya daɗe."

"Ciyawa? To lalle arziki ya yi muku yawa. Ku wuce, kar ku cinye."

Na huɗunsu shi ne Ishaya, ɗan kudancin Zariya, mai yawan tambaya da saurin dariya. Ya zo da kakar 1972. Bincikensa a kan gero ne: iri nawa ake shukawa a bakin iyakar nan, da abin da ya bambanta su. Wata uku suna yawo a kan keke, Riko, Farfaru, Daddara, har ƙauyukan hanyar Maraɗi, suna roƙon zangarniya bibbiyu a bakin rumbuna. Ishaya na awo da rula yana rubutu. Kalilu na kallo.

"Baba, wannan da wancan ai abu ɗaya ne."

"Kai da ƙanenka abu ɗaya ne?"

"A'a."

"To wanga zango ne, wancan ba'angure. Rubuta da kyau, kar farfesanka ya ce Kalilu ne jaki."

Shi ma Ishaya ya koya masa abin da bai sani ba. Ya ce gero ba shi da kamun kai. In iska ta kwaso bununin maƙwabci, wato garin nan mai ruwan ɗorawa da ke zuba daga zangarniya, karɓa yake yi, 'ya'yansa su fito ba su ga uwa ba su ga uba. In ana son iri ya tsaya yadda yake, sai an rufe zangarniya da jakar takarda tun tana leƙowa. Ranar da farin gashi siriri ya feso a jikinta, sai a jira raɓa ta bushe, a kaɗo bununi daga 'yan'uwanta na iri ɗaya, a barbaɗa mata, a mayar da jaka a ɗaure. In aka makara da kwana biyu, aikin shekara ya tafi. Ya kuma ce iri ba ya jiran mutum. A zafin ƙasar nan, in ya wuce shekara uku a gwangwani ba a shuka an sabunta ba, sai ya fara mutuwa a hankali, ba wanda zai gani sai ranar da aka zuba a rami ya ƙi fitowa.

Da zai tafi, Ishaya ya raba abin da suka tara biyu. Rabi ya tafi da shi ɗakin sanyi na jami'arsu. Rabi ya bar wa Kalilu, ya ce, "Baba, riƙe mini na shekara ɗaya." Ya rubuta kundinsa, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, aka ba shi digiri, aka tura shi Ingila neman na uku. Bai ci amana ba, in faɗi gaskiya. Na ga kundin da idona, sunan Kalilu na shafin farko. Amma suna a takarda ba ya noma.

Akwai wani ɗan fili bayan ofis, wurin da ake zubar da shara a da. Kalilu ya share shi, ya kewaye da ƙaya, ya raba gwangwanayen kashi uku, sha biyu kowace damina. Jakunkunan da Ishaya ya bari suka ƙare a shekarar farko. Sai ga siminti ya cika ƙasa, kowa na gini. Tsohon ya riƙa bin wuraren gini yana tsintar takardar buhun siminti, ya kakkaɓe, ya yanka, Inna Salmatu ta ɗinke. In ka zo wucewa cikin watan Agusta sai ka ga gero tsaye sahu-sahu, kowanne da doguwar hula. Direbobi suka sami abin dariya.

"Kalilu, yaushe za ka yi musu riga?"

"Sai ka biya ɗinki."

"Wancan na ƙarshe hularshi ta karkace, ɗan iska ne!"

Sunan ya bi shi. Har yau a tasha in ka ce Kalilu sai a ce wanne, in ka ce Mai-hula kowa ya gane.

Sai fari ya zo. Wanda ya ga 1973 ba ya buƙatar in ba shi labari, wanda bai gani ba kuma ba zai yarda ba. Daminar ba ta yi ba. Kalilu ya ceci sha biyunsa na shekarar da ruwan rijiya, tulu-tulu a kafaɗa. Kafin bazara ta gaba mutane sun fara kwararowa daga arewa, a ƙafa, ba shanu, ba jakuna. A cikinsu akwai Nagoggo, mahaifiyar Inna Salmatu, daga wani ƙauye can cikin Nijar. Ta iso ƙafafunta sun kumbura. Abin da ake rabawa na agaji jar dawa ce ta ƙasar waje, in ta sha sai cikinta ya murɗe ta amayar. Ta ce ita kunun gero take so, ko ludayi biyu.

Babu gero a gidan sai na cikin gwangwani.

Inna Salmatu ta ce ya buɗe ɗaya. Ɗaya tak. Kalilu ya daɗe tsaye gaban akwatin. Mutum tara ne a ɗakin nan lokacin, duk da yunwa, har da yara. Ya san in aka fasa ɗaya yau, gobe za a fasa na biyu, kafin Jumma'a babu ko ɗaya, yunwar kuma tana nan. Ya san kuma manoman da suka ba da zangarniyoyin nan sun riga sun cinye nasu irin, abin da manomi ba ya yi sai in ya ga kabari. Ya ce mata ta ba shi kwana ɗaya. Ya ɗaure akwatin da igiya, ya ɗauki keke ya tafi neman gero. Bai samu a Jibiya ba. Bai samu a Daddara ba. Sai a rana ta uku, wajen Batsari, wani tsohon abokinsa ya ɗebo masa rabin mudu daga ƙasan tukunya. Ya juyo yana taka keke cikin rana tsaka. Ya iske mutane na dawowa daga maƙabarta.

Ba zan ce ya yi daidai ba. Ban isa ba. Ba zan ce Inna Salmatu ta yi kuskure ba, don ba uwata ba ce ta nemi kunu. Masu sani sun ce ko an dama mata, kwananta ya ƙare. Wannan magana ba ta taɓa sanyaya zuciyar kowa a gidan ba. Tun ranar Inna Salmatu ba ta sake ɗinka hula ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaki, amma ba ta ratsa gefen filin nan. Shi ke ɗinkinsa, da allurar buhu. Ban taɓa jin ya kare kansa ba. Sau ɗaya kawai ya ce mini, muna zaune a inuwa, "Da na san kwana ukku ne, da ban hau keken ba." Bai faɗi abin da zai yi a maimakon haka ba. Ban tambaya ba.

Da ruwa ya sauka a 1974, aka raba wa manoma irin agaji. Wani ya fito, wani ya yi kara ba zangarniya, don ba ɗan ƙasar ba ne. Malam Lado, manomi daga Farfaru, shi ya fara zuwa. Ya tsaya a bakin ƙaya yana murza hula.

"Mai-hula, an ce irin geron tamangajin babana na wurinka."

"Shina nan."

"Na cinye nawa. Allah ya gani, ɗiyana ke kuka."

"Ban tambaye ka ba, Lado. Kawo hannunka."

Ya zuba masa cokali biyu. Lado ya ƙulle a bakin rawani ya tafi yana share ido. Bayansa wasu suka zo, daga Riko, daga Daddara, har daga ƙetare, jandarma na buɗe musu hanya. Kowa cokali biyu, kowa irin gidansu. Kalilu bai taɓa rikita na wani da na wani ba. Cokali biyu ya zama dami, dami ya zama rumbu. Yau in ka bi hanyar Farfaru da kaka, geron da za ka gani ya fi ka tsawo, jikan gwangwanin nan ne. Sai dai a gona iska ta riga ta gauraya su. Na asali, wanda za a koma wa in fari ya sake zuwa, yana cikin akwatin katako.

Shekara biyu da suka wuce wasiƙar Ishaya ta zo daga Ingila, ni na karanta masa. Ya ce wuta ta ɗauke a ɗakin sanyi lokacin dogon hutu, ba wanda ya lura, rabin da ya kai duk ya lalace. Ya ce, "Baba, naka ne kaɗai ya rage. Ka riƙe har in dawo." Kalilu ya sa na maimaita. Ya karɓi takardar ya ninke, ya tashi ya tafi neman buhun siminti.

Baba Kalilu, yanzu da kai nake.

Kai ne ka yi digiri huɗu a ka, ba a ba ka ko ɗaya ba. Kai ne rumbun da ba shi da jinka. Kai ne aka ce riƙe na shekara ɗaya, ka riƙe shida, ka biya da abin da ba a mayarwa. Motoci dubu sun wuce ta gabanka ɗauke da shinkafar jirgi da fulawa, kowa na cewa zamanin yunwa ya wuce, ƙasa ta yi mai. Kai ba ka yi musu da kowa ba. Ka dai ci gaba da tashi da hantsi kana leƙa zangarniya. Mun yi maka dariya, har da ni. Ka yafe mu. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Nagoggo, ya sanyaya zuciyar Inna Salmatu, ya sanyaya taka.

Ku kuma 'yan'uwana da muka gama sakandare muna jiran a kira mu Legas, da ku da ke jami'a kuna karanta tsirrai a kan allo: ga mutum nan da rai, a Riko, hanyar ba ta da nisa. Abin da ke kansa babu shi a kundin kowa. Ku je ku zauna gabansa tun yana iya nuna muku. Ban ce ku zama lebura ba. Na ce ku riƙe abu ɗaya yadda ya riƙe.

Ga dalilin da ya sa na matsa. Filin bayan ofis an ba ɗan kwangila, za a zuba jar ƙasa a yi wa manyan motoci wurin tsayawa. Katafila ta riga ta iso. A Riko Kalilu na da 'yar gona, wannan ba matsala. Ko Inna Salmatu ta hana ɗaki, akwai zaure. Matsalar ido ce. Yanar ido ta rufe idonsa na dama, na hagu ma ya fara hazo. Bara sau uku ya makara, bai ga farin gashin ba sai da ya bushe. Sha biyun da ke kan layi bana tun 1975 rabonsu da ƙasa. In damina ta wuce su, shi ke nan.

Ranar Alhamis aka yi masa sallama ƙarƙashin bishiyar bedin gaban ofis. Aka jera benci uku. Shugaban ofis ya yi jawabi, ya miƙa masa takardar yabo da agogon bango. Malam Lado ya zo a kan jaki. Ana cikin haka sai ga farar Fijo, Ishaya ya fito, yanzu Dakta Ishaya, wata biyu da dawowarsa. Ya durƙusa har ƙasa gaban tsohon.

"Baba, na same ku lafiya?"

"Wa nake ji kamar mai rula? Matso in gan ka. Ka yi ƙiba. Turawa na da hatsi ashe."

"Dankali ne, Baba."

"Shi ya sa. To ka dawo. Ga ajiyarka."

Ya sa aka fito da akwatin. Ya ware sha biyu da hannu, yana lalube, ya jera su a kan benci. Ishaya ya dubi gwangwanayen, ya cire tabarau ya goge.

"Baba, Legas aka tura ni, hedikwata. Ofis ne, hawa na shida. Can ko na shuka a tukunya ruwa zai kashe shi. Na rubuta wa jami'a, sun ce sai an gyara ɗakin sanyi, wataƙila baɗi. Zan sake rubutawa."

"Baɗi," in ji Kalilu.

"Ni sai in shuka maka," in ji Lado. "Ƙasa gare ni. Amma hular nan ban iya ba, hannuna rawa yake. Ɗiyana kuwa ka san inda suke, suna bisa babur da jarkar mai, Maraɗi sau biyu a yini. Wa zai ce su tsaya kallon zangarniya?"

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Shugaban ofis ya duba agogonsa. Matasan kwastan biyu suka miƙe, wai mota na jira a sanda. Ni ma ina wurin, takardar neman aikin banki na cikin aljihuna, na sunkuyar da kai. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri.

Kalilu ya dafa benci ya miƙe. Ya fara magana, wata babbar mota ta danna oda ta shanye muryarsa. Ya jira ta wuce. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin mutane, ya ɗan karkata kai don ya gan mu da idon da ya rage.

"Noma nawa ne, ɗinki nawa ne, ba na neman kowa ya ɗauki fartanya. A cikinku wa zai ba ni aron idonshi, damina ɗaya?"